Rariyar da Tela Ya Toshe

Akwai wani tela, 'yan uwa, da ake kira Ɗan Gayu, a wani gari mai nisa da teku, inda rani ke daɗewa har mutum ya manta ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Unguwarsu a gangare take. Kowace katanga da rariya a gindinta, ruwan gidan sama ya bi ta gidan ƙasa ya fita titi. Haka aka taso aka gani.

Shekaru suka yi ta zuwa da gajeriyar damina. Sai tela ya toshe rariyarsa da siminti, ya jingina sabon ɗaki da katangar, ya kwantar da Innarsa a ciki, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Maƙwabciyarsa ta sama, tsohuwa mai wankau, ta leƙo. "Ɗan nan, ruwana ta ina zai bi?"

"Wane ruwa, Gwaggo? Na wankinki? Shanye abinki. Sama ta yi ritaya a garin nan."

"Ba ritaya ta yi ba, tarawa take yi."

Ran nan da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ruwan da a da yake sauka sannu-sannu cikin wata guda ya zubo gaba ɗaya. Tela ya bar ɗinki a bakin keke, ya ruga gida, ruwa har gwiwa.

Tsakar gidansa ba ruwa sosai. Wannan ne ya fi tsorata shi. Katangar ta yi ciki, tana gumi, tana nishi ƙasa-ƙasa.

"Fasa rariyar!" Gwaggo ke ihu ta baya. "Ruwa ya kai min ƙirji! Don girman Allah, fasa!"

Ya ɗauki guduma ya durƙusa, ya hau bugun simintin. Siminti mai kyau ya sa. Gudumar sai tsalle take tana dawowa.

Daga ɗaki Inna ta ce, "Auta, me ke motsi a bango? Zo ka ɗaga ni."

"Ina zuwa, Inna, saura kaɗan!"

Ya tsaya ya ƙara bugu ɗaya.

Gwaggo ta tsira, don faɗuwar katangar ce ta sauke ruwan daga wuyanta. Inna kuwa, da hannu maƙwabta suka tono gawarta, bargonta na rufe da ita. Har yau in gajimare ya taso, tela rufe shago yake, ya zauna a ƙofar gida, ba ya iya ɗaga kai.

Darasi: Daɗewar fari ba alkawari ba ce, yanayi yana juyawa ba sallama. Hanyar da ka toshe wa maƙwabci, kanka take komawa. Ku tura wa wani kafin hadarin bana ya haɗu.