Wuƙar Shafa Kek ɗin Rochelle

Akwai wata mata a garin Toledo mai suna Rochelle Tibbs. Mijinta Curtis yana aiki a wata masana'antar kayan gyaran mota, amma tun shigowar sanyi aka rage musu kwanakin aiki. Sai gida ya tsuke. Nama ya koma na ranar Lahadi, sauran ranaku kuwa burodi da tunkuzar gyaɗa ta kwalba da ake shafa masa ne guzurin Curtis da yaransu biyu.

Rochelle ta iya gasa kek, don haka ta fara yi a gida tana sayarwa. Ciniki kaɗan-kaɗan, har ranar da Madam Novak, shugabar ƙungiyar iyayen yara ta makarantar unguwarsu, ta ba ta aikin babban kek na bikin ranar haihuwar jikarta Josie. Kuɗin zai ishe su biyan kamfanin gas, wanda ya riga ya yi gargaɗin yanke musu abin ɗumama gida. Madam ta kuma ce idan ta ji daɗin aikin, duk kek na tarukan makaranta ya zama na Rochelle.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya.

"Jikin Josie ba ya karɓar gyaɗa. Ko ɗigo ya shiga bakinta, maƙogwaronta kumbura yake yi, numfashi ya gagara. Kin ji ni da kyau?"

"Na ji, Madam. Ki kwantar da hankalinki."

Rochelle ta wanke kwanukanta da ruwan zafi, ta ɗaga kwalbar tunkuza ta kai can saman kabad. Ranar Asabar da safe tana cikin shafa wa kek farin zaƙin da ake lulluɓe shi da shi, ƙaramar 'yarta ta kira ta daga banɗaki. Ta ajiye wuƙar shafawa ta je, ta dawo ta ƙarasa. Da hantsi ta kai kek ɗin zauren cocin da za a yi bikin, aka ce ta dawo da yamma ta karɓi kuɗinta.

Ta koma gida da murna, ta tarar da Curtis a kan kujera yana kallon wasan ƙwallo.

"Ke Shel, wuƙar nan taki ta fi duk wuƙaƙen gidan nan iya shafa tunkuza. Ɓoye mini ita kike yi don rowa, ko?"

Rochelle ta tsaya da mabuɗin mota a hannu.

"Wace wuƙa? Yaushe?"

"Ɗazu da safe mana, da kika shiga wajen yarinya. Yunwa nake ji. Haba, ki daina zare mini ido, na goge ta da tsumma tas kafin na mayar."

"Curtis, da ita na ƙarasa shafa saman kek ɗin."

Ya rage sautin talabijin. Ya ce, "Na ce miki na goge. Ba abin da zai faru. In kika buɗe baki yanzu, matar nan ba za ta ba ki ko sisi ba. Ranar Litinin kuma a yanke gas. Yaranki za su kwana a cikin firji, ranki ya daɗe."

Gaskiyarsa ce, ta sani. Mai yiwuwa ba abin da ya rage a jikin wuƙar. Idan ta yi shiru, ba wanda zai taɓa sani.

"Curtis, da a ce 'yarmu ce?"



Ta kira Madam Novak. Waya ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, haka. Ta fita da gudu ba ko rigar sanyi.

Dusar ƙanƙara na zuba, motoci na rarrafe a titi. Kafin ta kai coci, sai ga sandar tare motoci a hanyar jirgin ƙasa ta sauka. Dogon jirgin kaya ya fara wucewa, tarago bayan tarago. Rochelle ta riƙe sitiyari tana jira. Wata zuciyar na cewa ta juya gida, ai ta yi iya ƙoƙarinta, ta kira ba a ɗauka ba. Ta sake danna lambar. Ba amsa.

Da ta tura ƙofar zauren, yara sun gama waƙa, Josie ta hure kyandirori, Madam Novak na riƙe da wuƙa a saman kek.

"Kada a yanka!"

Kowa ya juyo. Rochelle ta faɗi abin da ya faru. Ba ta ɗora wa mijinta ba, ta ce a ɗakin girkinta abin ya faru, laifin nata ne.

Fuskar Madam Novak ta yi ja.

"Sharaɗi ɗaya na ba ki, baiwar Allah. Ɗaya tak! Ɗauke shi ki fita da shi."

Josie ta fashe da kuka. Rochelle ta ɗauki kek ɗin da kanta, ta ratsa tsakanin iyayen da ke kallonta, ta fita. Ba kuɗi, ba aikin makaranta.

A gida Curtis ya ji yadda aka yi. Ya ɗauki shebur ya bi gidajen maƙwabta yana kwashe musu ƙanƙara a bakin ƙofa ana sallamarsa. Da abin da ya samo suka roƙi kamfanin gas ya ɗaga musu ƙafa. Rochelle kuwa ta tattara kwanukan gashi ta tura ƙarƙashin kabad, domin ta san labarin ya gama unguwa, ba mai sake ba ta aiki.

Lallai ya gama. Bayan 'yan kwanaki wata mata ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ta ce sunanta Dana, ita ce mahaifiyar Josie. 

"Ba faɗa na zo yi ba," in ji Dana. "Bara a wani gidan abinci aka rantse mini ba gyaɗa. Josie ta kwana biyu a asibiti da bututu a baki. Daga baya na ji mai girkin ya san an yi kuskure, ya yi shiru. Ke kuma kin shigo a guje ba ko rigar sanyi."

Ta ce akwai su da yawa a garin, iyayen yara masu irin wannan lalura, kuma ba su da mai yi musu kek da suka amince da ita.

"Mun zauna mun yi magana. Ke muke so, in za ki fitar da gyaɗa daga gidan nan gaba ɗaya."

Curtis ya miƙe, ya hau kujera ya sauko da kwalbar tunkuza, ya miƙa wa Dana.

"Madam, ki tafi da ita da hannunki. In ta kwana a nan, ban yarda da kaina ba."

Darasi: Matsin rayuwa na iya raɗa maka cewa shiru ba laifi ba ne. Amma kuɗin da za ka samu ta hanyar jefa ran wani cikin haɗari ba samu ba ne. Faɗi gaskiya ko da za ta ci maka cinikin yau, domin amana ce ke kawo na gobe. Ku tura wa duk wanda ke neman na kansa da sana'ar hannu.