Shaidar Gara

Ranar Talata, ƙarfe tara da rabi na safe, Ladidi mai tukwane ta shiga ofishin Sakataren ƙaramar hukuma. An ce za a rushe rumfarta, wai ba ta cikin tsohuwar taswirar filayen gari. Ta roƙi a nuna mata taswirar.

"Gara ta cinye ta, Gwaggo," in ji Sakatare. "In kina da ja, kawo garar ta ba da shaida."

"To, ranka ya daɗe."

Washegari Sakatare ya tarar da tukwane jere a inda yake ajiye motarsa, Ladidi na zaune tana ciniki.

"Wane irin rashin hankali ne wannan?"

"Na tambayi garar, ranka ya daɗe. Ta ce gaskiyarka, wurina ba a kasuwa yake ba. A taswirar da ta ci, nan ne filina, har da rabin ofishinka."

"Ƙarya ne. Filin hukuma ne wannan, a rubuce yake."

"A ina?"

Sakatare ya dubi jama'ar da ta taru, sannan ya aiki masinja. Sai ga taswira lafiya lau, rumfar Ladidi tana nan a layin masu tukwane.

"Allah sarki," in ji ta. "Ashe garar ofishinku tana mayar da abin da ta ci. Da ma ta koya wa masu gidan."

Ta kwashe tukwanenta ta koma kasuwa. Aka bar Sakatare da masinja, da wani surukin Sakatare da aka riga aka yi wa alkawarin rumfar.