Duwatsun Atine

To, ku kife wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku, don yau shari'a zan ba ku.

A ƙauyen Ɗorawar Gabas akwai wata yarinya, Atine, 'yar aji shida. Burinta ta shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, amma bara lissafi ya kayar da ita, kuma bana ce damarta ta ƙarshe saboda shekaru. Da an rubuta rabawa a allo sai ta rikice.

Malama Ladidi ce ta fara gano bakin zaren. Wata rana lokacin tara ta ga Atine tana carafke da tsakuwa ashirin, tana kwasa uku-uku, tun dutsen sama bai sauko ba ta ce, "Biyu za su rage." Malama ta ce, "Ashe kin iya rabawa, da allo ne kawai ba kwa shiri." Daga ranar ta mayar da carafke darasi, sai an kwasa a ƙasa sannan a rubuta a littafi. Yarinya ta fara ɗagowa.

Saura wata biyu jarrabawa haihuwa ta zo wa Malama, ta tafi wankan jego gidan iyayenta, tafiyar rabin yini. Atine ta yi kuka har ta gaji. Sai yayanta Sagiru, mai gyaran waya a tasha, ya hau mashin ya bi Malama don ya ɗauko darasinta a bidiyon waya. Tsofaffin gidan suka ce mai jego ba za ta fito gaban namiji ba, balle a ɗauki fuskarta. Bai yi musu ba. Ya nuna yadda za a ɗaure wayar a jikin taɓarya tana kallon tabarma, ya zauna a zaure yana jira. Abin da ya fito a bidiyon hannun Malama ne da tsakuwa da muryarta, wani lokaci har da kukan jariri. Juma'a shida yana wannan zirga-zirga, ajin duka suna kallo a waya ɗaya.

Ana jibi jarrabawa aka ce ba mai shiga da ko tsinke, balle tsakuwa. Atine ta dawo gida, komai ya tsere mata. Kakarta Tsahare, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta kamo hannunta ta ce, "Ke ja'ira, in carbina ya ɓata da me nake tasbihi? Ga gaɓa uku a kowane yatsa. Wa zai ƙwace miki waɗannan a bakin ƙofa?" Kwana biyu suna carafke a kan yatsu, tsohuwa tana zolayarta duk sanda ta yi kuskure.

Atine ta ci, ita ce ta ɗaya a lissafi a duk yankin. Ni kaina na yi farin ciki da na ji. Ranar karɓar takardar shiga aka miƙo mata fom, a ƙasansa an rubuta: sunan wanda ya koya miki lissafi, za a karrama shi. Layi ɗaya ne tak. Ta duba gefe, ga Malama da goyo, ga Sagiru, ga Kaka tana murza yatsu.

To, biro na hannunku. Sunan wa za ku rubuta?