Dangwalen Kakan Nomau

Wani attajiri, Alhaji Sambo, ya kewaye gonar gadon Nomau da waya, ya ce sayenta ya yi. Nomau ya shiga birni neman lauya, aka nuna masa ofishin Barista Tukur.

Barista ya dubi faso a ƙafafun Nomau da furfurar gemunsa, ya ƙi karɓar takardar da ya miƙo. Don ya rabu da shi sai ya ce, "Baba, ni ba na zama da mutum sai da hujja. Gonar kakanka ce? Je ka kawo takarda da dangwalen yatsansa."

Washegari sai ga Nomau.

"Ranka ya daɗe, kaka ya yarda, amma sai a gaban lauya zai dangwala. Tashi mu je."

"Yana raye ne?"

"A'a, shekararsa talatin a maƙabarta."

Barista ya buga tebur. "Ni za ka raina wa hankali? Wane alƙali ne zai yarda mamaci ya yi dangwale?"

"Babu ko ɗaya?"

"Babu. Ko a gaban wa zan faɗa."

Nomau ya sake miƙa takardar jiya. "Madalla. Ga kwafin takardar cinikin Alhaji. Wai bara kakana ya dangwala masa."

Barista ya karanta, ya jawo masa kujera da kansa.

Nomau ya zauna, ya gyara hula. "Na ɗauke ka aiki. Maganar nan za ka maimaita a kotu, har da bugun teburin."