Gizo Ya Kira Gayyar Motsa Jiki

"Ku bar surutun nan ku matso. Ga ta nan fa, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Gizo ne dai, sarkin lalaci, ya hango wata 'yar kafa a gindin rumbun Kura. Ya sulale ya shiga, sai ga gyaɗa har wuya. Ya ci da safe, ya ci da rana, ya ci da yamma, wata guda cur. Ranar da ya ce bari ya koma gida, kai ya fita, tumbi ya ce bai san zancen ba.

Sai ga Kusu, wanda ya haƙa kafar.

"Malam Gizo, me kake yi a ƙofata?"

"Iska nake sha."

"To sha da sauri. Saura kwana uku Kura ta buɗe rumbu ta ɗebi iri. Ka kuwa san ta da nama."

Gizo ya ce, "Yanzu yaya zan yi?"

"Ka motsa jiki, ka yi gumi, tumbin ya sauka."

"Motsa jiki? Ai wannan aiki ne. Aiki kuwa in ya yi wa mutum yawa, gayya ake kira!"

Kun ji fa! Gayyar noma na sani, gayyar yaɓen ɗaki na sani, amma gayyar motsa jiki sai a bakin Gizo na ji ta.

Rana ta farko Ƙadangare ya amsa gayya. Ya dafa ƙasa a bakin kafa, yana sama yana ƙasa. Gizo na kwance a ciki, yana miƙo gyaɗar Kura a matsayin abincin gayya, yana kaɗa tumbi kamar ganga. "Sannu da aiki! Ƙara mini goma!" Da yamma Ƙadangare ya tafi da ƙirji a buɗe. Gizo ya gwada kafa, ko gezau.

Rana ta biyu Kwaɗo ya zo ya wuni yana tsalle. Ya tafi da cinyoyi murɗe-murɗe. Gizo ya gwada kafa, ko gezau.

Rana ta uku Zomo ya yi ta zagaya rumbu da gudu har ƙura ta tashi. Ya tafi jikinsa sakayau. Gizo ya gwada kafa, wannan karon ko wuya bai wuce ba.

"'Yan gayyar bana ba su da amana," in ji Gizo. "Sun yi mini aiki sun tafi da shi gida!"

Washegari da hantsi Kura ta ɗaga murfin rumbu, ta leƙo. Babu komai sai ɓawo, da Gizo ya yi ɗam a tsakiya.

"Ina irina?"

"Ranki ya daɗe, 'yan gayya ne suka ci."

"To ni a cikinka na gan shi, can zan ɗebi abina."

Ta diro. Gizo ya zabura. Ta bi shi, ya zagaya. Yana gudu yana ihu, "Zomo! Zo ka karɓe ni gudun nan!"

Zomo daga waje ya ce, "Ai gayya ta watse, Malam Gizo!"

Wallahi har tausayi ya ba ni. Tun hantsi yake gudu yana tsalle, yana dafa ƙasa yana miƙewa, har la'asar. Gumi ya jiƙa ɓawon gyaɗa sharkaf. Da ya ji numfashin Kura a ƙeyarsa, sai ya faɗa kafa. Kafar ta matse shi a kwankwaso, ya yi nishi, fit, ya fice! Bai tsaya ba sai kan rufin ɗaki.

Shi ya sa har yau kuke ganin ƙugun Gizo siriri, ga ragowar tumbin a baya.

To, ana taya mutum noma, ana taya shi gini, amma jikinka ba mai motsa maka shi. In ba ka yi gumi da daɗin rai ba, wata rana Kura za ta sa ka yi. Ke Tasalla, gobe da ƙafarki za ki je rijiya.

Ƙungurus kan kusu, amma ba na Kusun nan mai gaskiya ba.