Ƙauyen da Ya Daka Yashi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa, muryata ba ta kai da ba.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara rumbuna suka ƙare tun gero bai fid da kai ba. A gidan Gizo ko tsaba babu, ga 'yarsa Ladingo yunwa ta kwantar da ita, ƙafafunta kamar sillen kara.

To akwai wata Taguwa, raƙuma mai tausayi, da ke zagaya ƙauyuka da buhunan gero. Ba ta tambayar kowa, kunne kawai take kasawa. Gidan da ta ji turmi shiru, nan take sauke kaya.

Gizo ya hango ƙurarta, ya ce wa matarsa, "Ni za a sauke wa geyo a ƙofa, Bushiya tana kallo? Zuba yashi a tuymi!"

"Malam, yarinyar nan fa ko zama ba ta iyawa."

"Daka, na ce!"

Tim! Tim! Taguwa ta saurara, ta ce, "Madalla, gidan nan sun wadata." Ta wuce.

Bushiya maƙwabciyarsu kuwa, wadda 'ya'yanta suka wuni a kan tafasa ba ƙuli, ta ce, "Au, har Gizo na daka ni ina zaune?" Da Taguwa ta dawo, turmi biyu ke tashi. Ta wuce.

Zuwa na uku kam, Kurciya da Kunkuru da kowa sun shiga. Gari ya ɗauka kamar ana biki, har da luguden gwaninta. Ana gaisawa ta kan danga, "Ina gajiyar daka?" "Wallahi abincin ne ya yi mana yawa." Ciki kuwa na ta ƙugi. Ku daina dariya, abin tausayi ne, ko da yake ni ma dariyar nake.

Taguwa ta juya za ta tafi ke nan, sai ƙau! Turmin Gizo ya dare biyu. Na Bushiya ya bi, na Kurciya ya bi. Yashi ya cinye su duka. Gari ya yi tsit, sai wata siririyar murya.

"Baba, in an gama dakan, za a ba ni ko gaya ɗaya?"

Gizo ya dubi 'yarsa, ya dubi yashin. Kunya ta kama shi, irin wadda ta kamata tun farko. Ya fita da gudu yana ihu, "Taguwa! Yunwa muke ji!"

Bushiya ta leƙo. "Kai ma?"

Taguwa ta durƙusa ta sauke wa kowa. Sai dai ga gero, babu turmi ko ɗaya a garin. Haka suka ɗora hatsi a ka suka tafi aron turmi ƙauyen gaba, inda aka tare su da, "A'a, ba ku ne masu luguden nan ba?" Ladingo dai ta sha kunu, ta miƙe.

Ƙauyen nan ba wani ba ne, namu ne. Har gobe in ka tambaye mu, mun ƙoshi. Ku dai kada ku gaje mu: wanda ya ɓoye yunwarsa don idon maƙwabci, ɗansa ne ke kwana da ita.

Ƙungurus kan kusu. Mai jin yunwa ya faɗa, amma ku sani tukunyata ma wayam take.