Bulo na Nawa Ne?

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, sana'arsa buga bulo. Allah ya ba shi baki. In kuka yi gardama da shi, sai ka koma gida kana shakkar sunanka.

A wurinsa buhun siminti ɗaya bulo talatin yake fitarwa. Wata rana ya ce wa ƙaninsa, mai kwaɓa masa siminti, ya ƙara yashi su fitar da talatin da ɗaya.

Ƙanin ya ce, "Yaya, wannan fa ha'inci ne."

Ya yi dariya. "Bulo ɗaya tal? Talatin halal, talatin da ɗaya haram? To wa ya ja layin? Nuna min shi. In ka kasa, babu shi."

Ƙanin ya ƙara yashin. Bayan wata guda aka koma talatin da biyu, sannan da uku, kullum hujjar ita ce: ai ɗaya kawai aka ɗora a kan na jiya. Cikin shekara uku buhu yana haifar bulo sittin. In ka murza bulon da yatsa, sai ya zube kamar gari.

Ƙanin ya jingine shebur ya ce, "Yaya, ban san inda layin yake ba, amma wallahi mun wuce shi." Ya bar masa aikin.

Abin da ya fi tsorata ni, mutumin nan ba ƙarya yake yi ba. Ya yarda da maganarsa har zuci. Da ɗakin mahaifiyarsu ya tsage, da bulon nan ya gina mata sabo, yana alfahari.

Damina ta zo, aka kwana biyu ana ruwa. Da la'asar tsohuwar tana kan sallaya, bango ya rufto mata. Da hannu aka tono gawarta, don babu wani bulo da za a ɗaga. Duk ya koma yashi.

Yau yana nan zaune a bakin filin aikinsa, hankali ya gushe. Duk wanda ya wuce sai ya riƙe masa riga: "Na nawa ne ya kashe ta? Na arba'in? Na hamsin?" Babu mai amsa masa, kuma ba za a samu ba.

Jama'a, wa ya san gashi na nawa ne ke faɗuwa mutum ya zama mai sanƙo? Amma in ka ga mai sanƙo, ka san shi. Rashin ganin iyaka bai share iyaka ba. Wa'azi kan ratsa jahili, amma wanda ya kayar da zuciyarsa a gardama, me kuma za ka gaya masa?

Allah ya kiyaye mu daga hujjar da za ta rufto a kan iyayenmu.